Daga kaset zuwa kwamfuta: yadda kiɗa ya sauya a FM ɗin Kano

Lokacin da Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a mita 99.5 a shekarar 2003, waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa ne ke tashe, su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos kuma suna nan a kaset. Kaset yana da wahalar sha'ani. Dole ne a juya shi zuwa bakin waƙar tun kafin a buɗe makirufo, in ya nannaɗe a cikin inji a zare shi a hankali, a maida zaren da biro. Zafin Kano da ƙurar hunturu suna cinye muryar, ta dusashe.

Faifan CD ya rage wannan, amma ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa waƙa ta yi ta tsalle.

Yau komai a kwamfuta yake, nanaye da hip-hop na Hausa da Afrobeats. Matsalar ta koma wajen ingancin sauti: waƙar da aka matse fayil ɗinta ƙasa da 128kbps (ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa) tana fita da shashshaka. Tsofaffin waƙoƙin kalangu da aka kwafo daga kaset kuwa ƙararsu ƙasa take, in ba a daidaita ba, talla na shigowa sai ta razana mai sauraro.