Motar Mars da muka haɗa a Gombe

Tun daren 18 ga Fabrairun 2021, da na zauna da waya a hannu ina bin saukar Perseverance, motar binciken hukumar sararin samaniyar Amurka (NASA), a kwarin Jezero na Mars, nake son nuna wa ɗalibaina yadda ake tuƙa mota a duniyar Mars. Zane a allo bai taɓa gamsar da ni ba. Da hunturun bara ya kama, muka ce bari mu haɗa tamu.

Kayan ba su fi ƙarfin aljihu ba: bututun roba na ruwan famfo, injinan motocin wasan yara guda 6, batirin tsohuwar laftof, ɗan faifan sola, sai waya mai kyamara da muka ɗaure a sama da roba. Wani dattijo mai gyaran rediyo a babbar kasuwa ya liƙa mana wayoyin. Da ya ga kayan ya ce, "Malam, taya huɗu ba ta isa ba?" Na ce, "Baba, duba nan," na zana masa a kwali: kowane gefe taya 3 a kan hannuwa masu lilo, ɗaya na hawa dutse, sauran na dafe da ƙasa. Tsarin da NASA ke bi ke nan tun motarta ta farko a Mars, Sojourner, a 1997.

Ƙirar ta ci mana mako 3. Jira kuwa shi ya gwada haƙurin yaran. Saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yakan ɗauki minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakani, don haka babu mai riƙe sitiyari yana kallon hanya. Injiniyoyi a Amurka hotuna suke nazari, su tsara aikin yini, su aika, su jira. Mu ma haka muka yi. Direba na cikin aji, mota na cikin kwarin da zaizayar ƙasa ta haƙa a bayan makaranta. Yaro ya kawo hoto, a jira minti 10, a rubuta umarni a takarda, a ƙara jiran 10 kafin a danna. Sharaɗi ɗaya ne: ba mai taɓa ta da hannu.

Rana ta biyu muka shiga uku, kuma ni na jawo. A hoton na ga fili sumul tsakanin duwatsu, na ce a rubuta "gaba, mita 2". Ashe rairayi ne mai laushi. Tayoyin gaba suka lume, na baya suka ci gaba da juyawa suna watsa yashi, har cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Wani yaro ya miƙa hannu, wata ɗaliba ta riƙe masa riga ta ce, "Malam, a can wa zai ɗaga ta?"

Sai na ba su labarin Opportunity, wata motar NASA a Mars, wadda ta kafe a tudun yashi a Afrilun 2005. Kusan mako 5 aka yi ana gwada dabaru da irin wannan ƙasa a ɗakin gwaji, ana ja da ita baya kaɗan-kaɗan har ta fita. 'Yar'uwarta Spirit ta kafe a 2009, ita ba ta sake fita ba. Mu kwana 2 muka yi: baya taƙi ɗaya, hoto, jira, a sake. Tun daga ranar muka daina ba da dogon umarni, muka fi yarda da ƙasa mai tsakuwa, kuma muka koyi juya kyamara mu duba sawunmu. Idan sawu ya fara zurfi, a tsaya.

Ƙura ma ta yi mana nata. Kwana 3 kacal faifan ya yi jawur, caji ya ƙi shiga. Guguwar ƙura ce ta rufe wa Opportunity rana a Yunin 2018, bayan ta haura shekara 14 da kilomita 45, alhali kwana 90 aka yanka mata. Motocin da suka biyo baya, Curiosity da Perseverance, ba su dogara da rana ba, daga zafin sinadarin fulutoniyom suke samun wuta.

Yanzu tamu na cikin kabad a ofis, tayar gaba ta dama ta daina juyawa. Yaran sun hana a canja ta. Sun ji cewa Spirit ma irin wannan tayar ce ta mutu mata a 2006, aka riƙa tuƙa ta da baya tana jan ta, har tayar ta tono farar ƙasa mai sinadarin silika, alamar an taɓa yin ruwa a wurin. Ranar Asabar za mu koma kwarin, da baya za mu tuƙa.