Tagogin Habana da Tambayar Man Alade

Daren farko da na sauka Habana, babban birnin Kyuba, a watan Maris na 2019, aka yi mini wankin babban bargo. Wani saurayi mai fara'a ya tare ni a titin Obispo, ya ja ni zuwa wani gidan abinci mai makaɗa, aka kawo kifi da shinkafa da 'yan yankan tumatir. Da takardar lissafi ta zo sai na ga CUC 18, wato kuɗin baƙi daidai da dala 18, ashe har da la'adar wanda ya kawo ni a ciki. Ni kuwa guzurin da na ware wa ciki bai wuce dala 10 a rana ba, na kwana 12. Abincin kusan kwana biyu ya tafi a zama ɗaya, kuma ban ma ƙoshi ba.

Da safe na ba mai masaukina labari. Dattijuwa ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tana ba da hayar ɗaki ɗaya a gidanta da ke unguwar Centro Habana, irin masaukin da suke kira casa particular. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauko takardun kuɗi biyu ta shimfiɗa a tebur. A lokacin kuɗi iri biyu ke yawo a ƙasar. Akwai CUC, wanda darajarsa ke daidai da dalar Amurka, shi baƙi ke kashewa. Akwai kuma peso na 'yan ƙasa, wanda ake ba ka 24 a kan CUC ɗaya. Ta nuna mini yadda ake bambance su: na baƙi hoton gine-gine da mutum-mutumi ne a jiki, na 'yan ƙasa kuwa fuskokin gwarzayensu. Ta ce in kula da takardar peso 3 mai hoton Che Guevara, domin ana miƙa wa baƙo ita a canji a matsayin CUC 3, shi kuma yana ta murna ya samu abin tunawa.

Na tafi Cadeca, gidan canjin gwamnati, na mayar da CUC 10 zuwa peso 240. Aljihu ya yi nauyi, kuma daga ranar garin ya buɗe mini.

Abincin talaka a Habana ta taga ake sayar da shi. Kana tafiya a layi sai ka ga tagar wani gida a buɗe, an rataye ɗan allo da farashi, mutum huɗu ko biyar suna tsaye suna ci. Babu kujera, babu faranti. Da safe nakan sayi burodi da wainar ƙwai, wato pan con tortilla, in haɗa da kofi ɗan mitsitsi mai baƙi da zaƙi na peso ɗaya. Da rana fiza ce mai kauri, faɗin tafin hannu biyu, peso 10 zuwa 15. Ana naɗe ta biyu a ɗan guntun takarda, man cuku yana bin yatsu, kana ci kana busawa. Idan rana ta take sai guarapo, ruwan rake da ake matsewa a gabanka. Da yamma a bakin Malecón, doguwar katangar nan ta bakin teku, mata na yawo da soyayyar gyaɗa a ƙunshin takarda mai tsini suna kiran "maní, maní", sai ka rantse a bakin tasha kake a gida.

A kwana na uku na ga cajita, wato ɗan akwatin kwali da ake cikawa da shinkafa da wake da nama da ɗan rogo ko dankali, a kan peso 25 zuwa 30. Cokali ma babu, gefen murfin kwalin ake yagewa a ci da shi. Da 'yar Sifaniyancin da na haddace na ce wa matar "sin carne", ba nama. Ta gyaɗa kai, ta zuba mini shinkafa da baƙin wake zalla. Raina ya yi fari, na ce yau ga garau-garau har Kyuba. Loma ta biyu na tauna wani abu mai ƙaras-ƙaras. Na tono shi na nuna mata. Ta ce ai wannan ba nama ba ne, chicharrón ne kawai, don ɗanɗano. Soyayyar fatar alade ke nan. Na tofar, na kurkure baki, na yi istigfari, ita kuma tana kallona da mamaki ta rasa laifin da ta yi. Abin da ya ƙara ba ni dariya daga baya shi ne sunan abincin: moros y cristianos, wato Musulmin Andalus da Kiristoci, baƙin wake da farar shinkafa. An sa masa sunanmu, an dafa shi da abin da ba ma ci.

Ranar Juma'a na je masallacin Abdallah da ke titin Oficios a tsohon gari, wanda aka buɗe a 2015. Bayan sallah na ji wani matashi yana waya da Hausa. Ɗalibin likitanci ne daga Nijar, shekararsa ta huɗu a ƙasar. Da ya ji labarina sai ya ce, "Yaya, ai tambayar ce ba ka iya ba. A nan in ka ce ba nama, naman da ake gani kawai suke cirewa. Ka tambaya da me aka dafa: con aceite o con manteca, da man girki ko da man alade." Ya lissafa mini abin da zan bari gaba ɗaya: tamal (alalar masara), croqueta (soyayyen curin fulawa da nama), duk burodin da aka cusa wa jamón ko lechón, wato naman alade, da yawancin kayan fulawa masu laushi. Fiza kuma in ce de queso, ta cuku kaɗai. Kaza ma daskararriya ce daga waje, ba ka san yankanta ba. Naman shanu kuwa kusan babu shi a abincin titi. Sai na tsaya a kan ƙwai, kifi, wake da kayan marmari.

Shi ne kuma ya tura ni kasuwar manoma ta mahaɗar titin 19 da B a unguwar Vedado. A can na ga kuɓewa, wadda suke kira quimbombó, da rogo, da gwaza, da gwaba mai jan ciki. Ka zo da jakarka, don ba mai ba ka leda. Gwanda kuma fruta bomba ake ce mata a Habana. Sunan da sauran masu Sifaniyanci suka san ta da shi, papaya, batsa ne a garin, kuma sai da na faɗe shi da ƙarfi a gaban layin mata kafin in sani. Na sayi kwalbar man girki na kai wa mai masaukina, muka shirya za ta riƙa dafa mini na dare a tukunya dabam. Rogonta da take zuba wa tafarnuwa da lemon tsami da mai mai zafi, yuca con mojo, ya fi duk abin da na ci a titin Obispo.

Layi ma sai an koya. Ba a jeruwa. In ka iso sai ka ɗaga murya ka ce "¿el último?", wa ne ne na ƙarshe, wani daga gindin bishiya ya ɗaga hannu, shi kaɗai za ka riƙe a ido. Da haka na yi minti 40 a Coppelia, gidan askirim ɗin gwamnati da aka buɗe a 1966, bayan na ƙi bin mai gadin da ke nuna mini ɓangaren baƙi. Aka zaunar da ni teburi ɗaya da wata kaka da jikokinta, na sha dunƙule biyar a kan peso 5, ita kuma ta sayi kwano huɗu ta juye a roba don na gida. Ruwa ne kawai ya ka da ni. Na sha wani lemon kwaɓi a taga, na yi kwana biyu ina zarya, daga nan sai tafasasshe ko na gora.

Wani dare ina yabon arahar garin, sai mai masaukina ta faɗa mini fanshonta na wata: bai kai peso 300 ba. Akwatin shinkafar da nake kira kyauta, guda goma sun cinye shi. Ban ƙara cewa araha a gabanta ba. Farashin da na ambata ma duk sun zama tarihi, domin a Janairun 2021 gwamnati ta fara janye CUC, kaya kuma suka yi tashin gwauron zabi.

Matar tagar da ke kusurwar layinmu kuwa, tun kwana na shida ta daina jiran in buɗe baki. Tana hango ni sai ta ɗauko kaskon da ta ware, ta leƙa ciki ta kwaɗa wa 'yarta kira ta kawo ƙwai biyu, ga Sin Manteca, wato "ba man alade", nan ya iso.