Bugun zuciyar Kawu

Lahadi. Yau ba ni da aiki a asibiti, amma abin awon jinina bai huta ba. Da sassafe Kawu ya iso daga Jiratawa a kan kekensa, buhun zogale ɗaure a baya, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Ya sauke kaya a kasuwa, ya biyo gaida Inna. Sai da ya sha fura ya huce sannan Inna ta ce, "Auna mini ƙanen nan nawa, girma ya fara kama shi."

Na ɗaura masa. Jini lafiya lau, amma bugun zuciya 52 a minti ɗaya. Inna ta tambayi nawa ne na sauran mutane, na ce tsakanin 60 da 100. Nan take ta saki salati, wai zuciyar ta gaji.

"Kawu, kana jin jiri? Numfashi na sarƙe maka? Ka taɓa yanke jiki ka faɗi?"

"Ni? Ɗana, da buhu biyu nake shigowa garin nan, ban taɓa sauka na tura ba."

Sai na zauna na yi wa Inna bayani a tsanake, don na ga hankalinta ya tashi sosai. Zuciya tsoka ce, kuma aiki na gina ta. Wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa keke, ɗakin zuciyarsa na hagu, mai tura jini zuwa jiki, yakan ƙara faɗi, bangonsa ya ƙara ƙarfi. Bugu ɗaya na mutumin da ba ya motsa jiki yana fitar da jini kimanin mililita 70, na wanda ya horu kuwa yakan kai 100 ko ya wuce. To jiki a zaune kusan lita 5 yake buƙata a minti, ko na wane ne. Mai babban guga ba sai ya yi ta zurawa rijiya ba kafin tulu ya cika. Da na faɗi haka Inna ta gyaɗa kai. Na ƙara mata da labarin Miguel Indurain, ɗan Sifen da ya ci tseren keken Faransa sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, wanda aka ce zuciyarsa na bugawa sau 28 a minti in yana hutawa.

Abin da ya fi burge ni ma ba a zuciyar yake ba. Ruwan jini kansa ƙaruwa yake cikin ƴan makonni da fara motsa jiki, shi ya sa irin su Kawu ke iya zufa sosai a zafin Afrilu jini bai kasa zagayawa ba. Cikin naman cinya da sha-raɓa kuma ƙananan hanyoyin jini sukan yawaita, iska mai amfani ta isa ko'ina. Sai dai abin ba ajiya ba ne: in mutum ya daina, cikin makonni yake fara komawa baya.

Wanda ke damuna Yaya ne. Wuni yake zaune a shago, ko masallacin unguwa da babur yake zuwa. Da yamma na auna shi, jininsa ya hau. Na ba shi labarin binciken da likita Jeremy Morris ya fitar a 1953 a Landan: direbobin bas masu wuni a kujera sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da ke hawa da sauka benen motar.

"Yanzu so kake in koma ɗan tsere da tumbin nan?"

"A'a, Yaya. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako, tafiya mai ɗan sauri ma ta isa. Maganin likita kuma ba za mu bari ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce gobe bayan asuba in biyo masa, mu taka har bakin gulbi mu dawo kafin rana ta yi zafi. Jibi kuma zan raka shi asibiti a sake awo.