Rinin hoto da siliniyom a zafin Maraɗi

Hoton Van Dyke nake yi a gida, nan unguwar Zariya: in shafa wa takarda ruwan azurfa, in ɗora fim a kai, in shanya a rana. Rana kuwa ba ma sayenta a Maraɗi. Matsalar ita ce azurfar wannan hoto ƙanana ce ƙwarai, iska da gumi suna cin ta, shi ya sa na koma rina shi da siliniyom, wani sinadari wanda ke haɗuwa da azurfar ya mai da ita abin da ba ya saurin dusashewa. Launin ma yakan tashi daga ja-ja ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu.

Ma'aunin da ake bayarwa a kwalbar maganin siliniyom na kamfanin Kodak, kashi 1 cikin ruwa kashi 3 zuwa 20, na takardar hoto ta kanti ne. Van Dyke ba ya ɗaukar haka, domin akwai amoniyom tiyosalfet a cikin maganin, mai wanke azurfa. Ni kashi 1 cikin 200 nake yi, kuma da asuba, don a watan Afrilu ruwan famfo da rana kamar an ɗora shi a murhu yake, zafi kuma yana gaggauta aikin har hoto ya koɗe kana kallo. Shuɗin hoton nan da John Herschel ya ƙirƙiro a 1842 kada ma ka gwada rina shi da siliniyom, ƙarfe ne a cikinsa, babu azurfa.

Sai maganar guba. Safar hannu ta roba daga farmasi, da matsefin ɗaga takarda, a rumfa mai iska saboda warin amoniya. Ba na barin tsami ko ɗigo ya shiga tiren maganin. Wanda siliniyom ya taru a jikinsa, numfashinsa warin tafarnuwa yake yi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ragowar ruwan ne. Ranar farko Inna ta ce, "Kai, wannan ruwan ina za ka kai shi? Awakina a bakin kwata suke sha." Gidanmu akwai rijiya, akwai yara. Tun daga nan ba na zubarwa. Ina tace shi da ƙyalle mai kauri, in mayar a bido mai murfi, in ƙara ɗan sabo idan ƙarfinsa ya ragu. Bidon na rubuta masa "guba" da boko da ajami, yana cikin akwati mai kwaɗo. Ƙyallen tacewar kuma in ya bushe, gwangwani nake rufe shi a ciki, ba ya shiga juji inda dabbobi ke tono.