Juma'a a Jojtawun: kwas biyu na tiyoloji

Makon farko na zangon kaka, ƙarshen Agusta, zafi da gumi a Washintan. Yau ma tambayar ita ce dai ta kullum, daga bakin wani yaro sabon shiga da jadawalinsa a hannu: "Yaya, wai dole sai na yi darasin addininsu kafin a ba ni digiri?" Dole ne, ƙanena. Amma ba wanda zai kai ka coci.

Jami'ar Jojtawun ta 'yan Jesuwit ce, wata ƙungiyar limaman Katolika, an kafa ta a 1789. Kowane ɗalibin digirin farko, ko tattalin arziki yake karanta ko kimiyya, sai ya ci kwas biyu na tiyoloji, wato nazarin addini, kowanne kiredit uku, ga kuma biyu na falsafa. Kwas ɗin tiyoloji na farko zaɓi ne tsakanin gabatarwa kan Littafi Mai Tsarki da wanda suke kira The Problem of God, wato Matsalar Ubangiji. Sunan nan ne ke tayar wa iyaye hankali, su ce yaushe Ubangiji ya zama matsala. Abin da ake nufi shi ne tambayoyin da mutane suka daɗe suna yi: hujjar samuwar Allah, dalilin da ya sa salihi ke shan wuya, yadda imani da hankali ke zama inuwa ɗaya.

Kowane malami da nasa jerin littattafan. A wani ajin Ogustin da Akwinas, manyan malaman Kirista na da, su ne a gaba, a wani za ka tarar da Imam Gazali kusa da labarin Ayuba. Don haka kafin a yi rajista a nemi manhajar malamin a karanta, kada a zaɓi aji don kawai lokacinsa bai hana barcin safe ba. Kwas na biyu ya fi faɗi, har kan Musulunci, Yahudanci ko addinin Buda ana samu.

Inda yara ke faɗuwa shi ne rubutun gida. Ɗalibi mai addini, Musulmi ko Kirista, sai ya cika shafi biyar da wa'azi, ya samu maki kaɗan, ya ce an tsane shi ne. Malamin ba imaninka yake aunawa ba. So yake ka faɗi hujjar marubucin yadda marubucin da kansa zai yarda, ka nuna shafin, sannan ka soke ta ko ka kare ta. Wasu kuma su ajiye kwas ɗin sai shekarar ƙarshe, ya yi karo da manyan darussan fanninsu.

Gicciye na rataye a bangon yawancin ajujuwa, ƙarami, sama da allo. Ana Mas, ibadar Katolika, a cocin Dahlgren na jami'ar, zuwa kuma ganin dama ne.

Da rana aka yi sallar Juma'a. Jami'ar na da limami na dindindin, Imam Yahya Hendi, tun 1999. Masallacin harabar an sa masa sunan Yarrow Mamout, Musulmi ɗan Afirka ta Yamma da aka kawo bawa, ya samu 'yanci, ya mallaki gida a unguwar nan, ya rasu a 1823. Bayan sallama yaron nan ya sake buɗe jadawalinsa, yana neman ajin da ba zai ci masa lokacin Juma'a ba.