Ƙaramin inji ko babba? Ku auna aikinku kafin ku sayi akori-kura

Samari, in Allah Ya hore wa ɗayanku kuɗin akori-kura, tambayar da za ta fara hana shi barci ita ce mai silinda huɗu zai saya ko V6 mai silinda shida. Mu da muka riga ku shiga harkar nan mun yi kuskure ta kowane ɓangare. Mun sayi ƙaramin inji don gudun shan mai, ya sha man kuma ya kasa aikin. Mun sayi babba don a ce mun isa, ya ƙare yana ƙona fetur a cunkoson Kwangila da PZ a Zariya babu ko buhu ɗaya a bayansa. Ba ma so ku biya kuɗin makarantar da muka riga muka biya.

Motocin da za ku fi gani a hannun dillalan Zariya su ne Hilux, sai Tacoma da Frontier da ake shigowa da su daga Amurka. A Hilux da Tacoma injin fetur iri biyu ne suka fi yawa. Akwai 2TR-FE mai lita 2.7 da silinda huɗu, ƙarfinsa wajen doki 160. Akwai 1GR-FE mai lita 4.0, shi ne V6, wajen doki 236. Amma lambar da ta fi shafar mai ɗaukar kaya ita ce ƙarfin ja, wato abin da ke tayar da mota daga tsaye da lodi a kanta. Ƙaramin yana ba da wajen 245 a ma'aunin Nm, babban kuma wajen 376.

Zancen da ya fi yaudarar mu shi ne wai ƙaramin inji ba ya shan mai. Gaskiya ne a Corolla, amma akori-kura ba Corolla ba ce. Jikinta kaɗai ya kusa tan biyu, gabanta kamar bango yake tare iska, kuma ko wane inji aka sa mata sai ya ja nauyin nan. Ku duba Tacoma ta 2016 mai giyar atomatik da ja da ƙafar baya: a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, mai lita 2.7 da sabon V6 ɗinta mai lita 3.5 sun tashi kunnen doki, kowace wajen kilomita 9 a lita ɗaya. Wannan fa babu kaya ke nan. Da zarar ka ɗora buhuna, ƙaramin inji zai sa ka danne totur har ƙasa, ya riƙa kuka a giya ta uku inda babba ke tafiya a nutse a ta huɗu ko ta biyar, kuma injin da ake dannawa haka kwamfutarsa ƙara masa fetur take yi. Inda ƙaramin ke cin riba shi ne cikin gari, tsaya-tafi daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari zuwa Samaru, da dogon tsayuwa inji na kunne. A nan silinda shida sun fi huɗu ci, babu musu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan bambancin ya zama abin da aljihu ke ji kowane mako.

Kada ku yarda da bakin dillali a kan shan mai, kada ma ku yarda da allurar tanki. Ku cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ku mayar da malejin tafiya sifili, ku yi aikinku na kwana biyu ko uku, ku koma famfo ɗaya ku sake cikawa. Raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Ku yi sau ɗaya babu kaya, sau ɗaya da kaya.

Kuskuren da ya fi ci mana kuɗi kuwa ta ɗaya ɓangaren yake: ɗaukar cewa babban inji yana nufin babban lodi. Inji ja yake yi, ba shi ke ɗauka ba. Masu ɗauka su ne sifirin baya, aksul, taya da shasi, masu tsayarwa kuma birki. Waɗannan kusan iri ɗaya ne ko wane inji ke gaba. Hilux an gina ta ta ɗauki wajen tan ɗaya, kuma a lissafin har da direba da yaran mota. Buhun masara mai kilo 100 guda tara ke nan da mutum biyu, ko buhun taki ko siminti guda 18. Tacoma ma ba ta kai haka ba, yawancinsu tsakanin rabin tan ne da kilo 700, don sifirinta an yi shi da laushi saboda jin daɗin zama. Ainihin adadin yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Haɗarin V6 shi ne ba ya nuna gajiya. Ka loda masa buhu 16 daga kasuwar Giwa, zai ja su kamar ba komai, sai ka ɗauka lafiya lau ne. Can ƙasa kuwa ganyen sifirin ya miƙe ya daina lanƙwasa, roba mai tare aksul tana dukan shasi a kowane rami, boris ɗin ƙafar baya yana zafi, gefen taya ya kumbura. Gaban motar ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya gitta sai ka taka birki ka ji motar tana ci gaba da tafiya. Ƙaramin inji aƙalla yana kuka ya gargaɗe ka.

To ina V6 yake da amfanin da ya cancanci kuɗinsa? Wuri uku muka gani. Jan tirela ko tankin ruwa a baya: Tacoma mai silinda huɗu an ƙayyade mata wajen kilo 1,600, V6 mai kayan ja na kamfani kuma kusan kilo 2,900. Sai hawa. Zariya tana wajen mita 650 sama da teku, Jos wajen 1,200, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 saboda iska na raguwa. Mai bin hanyar Pambeguwa da Saminaka zuwa Filato da kaya zai ji haka a ƙafarsa. Na ukun shi ya fi damun mu, wato wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya irin ta Funtuwa. Da lodi da na'urar sanyi a kunne, mai 2.7 tana daɗewa a hannun da ba nata ba, kuma waɗannan daƙiƙun su ne tsakanin mutum da mota mai tahowa. In ƙaramin inji gare ka, ka ja baya kaɗan daga tirelar, ka sauke giya tun kafin ka fita, ka kashe sanyi, in ba ka hango hanya sarai ba ka haƙura.

Akwai abin da ake ɗora wa inji alhali laifin giya ne. Tacoma ta 2005 zuwa 2015 mai 2.7, atomatik ɗinta giya huɗu ne kacal, ta V6 kuma biyar. Tazarar da ke tsakanin giya huɗun nan tana da faɗi, shi ya sa a ɗan hawa motar ke ta sauka tana hawa tsakanin ta uku da ta huɗu, man giya yana zafi. Injin nan ɗaya in ka same shi da giyar hannu mai biyar, sai ka rantse wani inji ne daban. Duk wanda ya zaɓi ƙarami don aikin gona, ya nemi manuwal. Haka batun manyan tayoyi da samari ke so. Ka cire 265/65R17 ka sa 285/70R17, tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kamar haka, maleji kuma ya riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. V6 zai shanye wannan, mai silinda huɗu ba zai shanye ba.

A gareji bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, sai ranar da abu ya lalace. Dukansu suna cin baƙin mai tsakanin lita 5 da 6, dukansu sarƙa ke tafiyar da lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗinsu, ba bel ba. Fulogi da koyil huɗu ne a nan, shida a can. Amma V6 kai biyu gare shi, gaskit biyu, kuma jikinsa duka alminiyom ne, don haka tafasa ɗaya mai tsanani tana iya jawo aikin da ya ninka na ƙaramin. Abin takaici, mu da kanmu muke jawo tafasar. Mun daɗe muna bari a cire mana tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan sanyaya inji har sai ya yi zafi, wai ƙasarmu da zafi. Shi kuwa buɗewa yake a wajen digiri 82 ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa. In babu shi, inji yana daɗewa da sanyi, musamman da asubar hunturu, kwamfuta ta ci gaba da zuba fetur da yawa, fetur ɗin yana wanke man da ke jikin silinda. Mun kuma zuba ruwan rijiya a lagireto, gishirinsa ya toshe ƙananan bututu ya ci alminiyom, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tona asiri. Ku bar tamostat a wurinsa, ku sa ruwan sanyaya inji na gaske, ku canza murfin lagireto in robarsa ta tsage. Baƙin mai kuma ku bi abin da littafi ya ce, galibi 5W-30. Injunan nan biyu suna da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda ke aiki da matsin mai ta ƙananan ramuka, kuma mai kauri ko wanda ya tsufa yana toshe su. A ƙurarmu kilomita 5,000 ta isa a juye, filtar iska kuma a duba ta duk mako biyu a lokacin hunturu. Filta mai toshewa tana rage ƙarfin da ƙaramin inji ba shi da rararsa.

Mai kallon Frontier V6 atomatik ta 2005 zuwa 2010 ya zare ma'aunin man giya ko ya sa a kwance a duba. An san waɗannan da matsalar lagireto da ke fashewa ta ciki ruwa ya gauraya da man giya. In man ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ka bar motar nan.

Injin gas, wato dizal, kuma lissafinsa daban ne, don a can ƙaramin inji ba ya nufin rauni. Hilux mai 2GD na lita 2.4 da turbo tana kai Nm 400 a wasu samfura, ta wuce V6 mai lita 4.0, kuma tana ba da ƙarfin tun inji bai ɗaga murya ba. Ga mai dogon zango da kaya kullum, ita ce muka fi gamsuwa da ita. Sharaɗinta tsabtar mai. Nozul ɗinta masu fesa mai cikin silinda na aiki da matsin da ya ninka iskar taya fiye da sau 500, ɗigon ruwa ko gas da aka gauraya da kalanzir yana cinye su, kuma saitin huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne ko a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka sha mai a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka tsiyaye ruwan da ke taruwa ƙasan filta da zarar fitilarsa ta kama, ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye bayan doguwar tafiya kafin ka kashe don turbo ya huce. Tsofaffin injunan gas na Hilux, 1KD da 2KD, bel gare su, ana canza shi a kilomita 150,000, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su gwabza.

Ranar gwaji, ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa. Ƙarar sarƙa ta ’yan daƙiƙu a tashin farko, ko hayaƙi shuɗi, a lokacin ne suke fitowa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa ko akwai baƙin datti mai danƙo. Ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, ya jona kwamfuta. Sannan ka roƙi mai motar a ɗora buhun siminti goma, a kunna sanyi, ku hau gadar Kwangila, ku miƙa hanyar Kano kilomita 15 ko 20, idonka a kan allurar zafi, kunnenka a kan giya.