Daga Niyok Zuwa Greensboro: Zaɓen Amurka Ta Bakin Tukunya

A ƙarshen watan Oktoban 2024 na hau jirgin ƙasa daga Niyok zuwa Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda ƙanen mahaifiyata yake zaune da iyalinsa. Aiki ne ya kai ni Niyok, amma ba ta yiwuwa mutum ya taka ƙasar da kawunsa yake ya juyo bai je gaisuwa ba, ko da tafiyar ta wuni guda ce. Ta wuni gudan ce kuwa. Jirgin Amtrak da ake kira Carolinian yana tashi da sassafe, sai bayan magariba yake shiga Greensboro, awa 12 ko kusa da haka.

Zaɓen shugaban ƙasa saura kwanaki, amma a Niyok sai ka rantse ba a shirin komai. Dalili shi ne ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaba a Amurka ba. Kowace jiha tana da adadin wakilanta, jimillarsu har da na babban birnin ƙasar 538, kuma a kusan dukkan jihohin wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan gaba ɗaya, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Wanda ya haɗa 270 ya ci. Jihar Niyok mai wakilai 28 rabonta da zaɓar ɗan Rifablikan tun Ronald Reagan a 1984, don haka babu mai ɓata kuɗinsa a kanta. Jihohi 7 ake kokawa a kansu, jirginmu kuma zai ratsa ɗaya, wato Fensilbeniya, ya sauke ni a wata.

Mun wuce Filadelfiya da Baltimo ina gyangyaɗi. A Washinton aka ɗan daɗe a tsaye, domin a nan wayar lantarki ta ƙare, sai an cire kan jirgin an sa mai amfani da gas. Daga nan ƙasa ta canza. Bayan Richmond sai dazuzzukan da ganyensu ya rine ja da ɗorawa, sai ƙananan garuruwa masu coci a kowace kwana, sai gonakin auduga fari fat wajen Rocky Mount da Wilson. A nan na fara ganin allunan 'yan takara kafe a ƙofar gidaje. Inda gonaki suka yi yawa sunan Donald Trump na jam'iyyar Rifablikan ne, da mun doshi Raleigh da Durham sai na Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokrat, mataimakiyar shugaba Biden a lokacin, ya rinjaya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta buɗe jakarta ta miƙo mini gyaɗa, muka yi hirar sanyi da jikokinta har ta sauka. Siyasa ko sau ɗaya ba ta shigo bakinta ba, kuma daga baya na lura haka yawancinsu suke da baƙon ido.

Kawu mutumin Maraɗi ne, cacar biza ce ta kai shi can, ya daɗe da zama ɗan ƙasa. Greensboro na cikin garuruwan da 'yan Nijar suka fi taruwa a Amurka, Hausawa da Zabarmawa, har za ka ji ana ciniki da Hausa a wasu kantuna. Matarsa, Hajiya, tana aikin kula da tsofaffi. Da tuwon masara miyar kuɓewa ta tarbe ni, ga tulin takardun tallar 'yan takara da ɗan wasiƙa ya kawo an ture su gefen tebur. Talabijin na kunne amma an kashe muryarta.

"Alhaji ne ya hana," in ji Hajiya. "Daga wannan ya zagi wancan sai wancan ya rama. Ko labarin yanayi ba sa bari mu ji."

Washegari Kawu ya ce in raka shi cefane, kuma a wannan fitar na fara jin zaɓen da kunnena. Kantin ya kai girman filin ƙwallo. Layi guda na hatsin karin kumallo ne kawai, wani na lemon kwalba, wani na abincin karnuka da kyanwoyi. Kawu ya tsaya gaban firij ya ɗauko kwalin ƙwai ya juya shi.

"Ɗana, ka ga wannan? Kafin korona dala ɗaya da 'yan kai nake sayen dozin. Yau ya haura dala 3."

"Kawu, ai an ce murar tsuntsaye ce ta kashe kaji."

"Mai biya ba ya tambayar kaza. Wanda ke kan kujera yake tambaya."

Gaskiyarsa ta wani fannin. Tsakanin 2020 da 2024 farashin abinci a Amurka ya tashi da fiye da kashi 20 cikin 100, kuma a watan Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1, abin da ba su gani ba cikin shekara 40. Zuwa lokacin zaɓe ta lafa, gwamnatin Biden tana ta shelar haka, sai dai lafawar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, kuma Karolina ta Arewa ba ta ƙara ko sisi a kai ba. Mu da muka fito daga inda buhun shinkafa ya ninka, kukan nasu kan ba mu dariya. Amma mutum da jiyansa yake auna yau, ba da wahalar wani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda arha da tsada suka juya. Abincin da ya fi sauƙin samu shi ne mai maiƙo da sukari: boga, soyayyar kaza, soyayyen dankali, da lemo a kofin da ya kusa lita, wanda in ka shanye za ka sake cikawa kyauta. Ko daga mota ba sai ka fito ba, ta taga za a miƙo maka. Ganye da 'ya'yan itace masu kyau da kifi su ne na masu hali, su ne kuma ke buƙatar lokacin girki, wanda mai aiki biyu ba shi da shi. Saboda haka a can sau da yawa talaka ne mai ƙiba, mai kuɗi kuma shi ne siririn da ke gudu a bakin titi da asuba. Hukumar lafiyarsu ta ce kusan mutum 4 cikin kowane baligi 10 na fama da ƙiba mai yawa, kuma mutum miliyan 38 na da ciwon sukari. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya giram 39 na sukari ne a ciki, wajen ƙaramin cokali 10. Kudancin ƙasar kuma ya ƙara da nasa, wani shayi mai ƙanƙara da ake narka wa sukari ana sha da kowane abinci. Jihar ma ita ta haifi Pepsi a garin New Bern, da Krispy Kreme mai soyayyen fanken sukari a Winston-Salem, maƙwabciyar Greensboro.

Kawu kansa ciwon ya kama shi. Ya ce shekarun da ya yi yana tuƙi dare da rana, yana ci ta taga, su suka jawo. A Maraɗi ƙafarsa ce motarsa. A Greensboro kuwa ko burodi za ka saya sai ka tada mota, wasu unguwannin ma ba a yi musu hanyar masu tafiya a ƙasa ba. Na gwada fita miƙe ƙafa da yamma, ni kaɗai ne a titi sai kabewin da aka jera a ƙofar gidaje don bikin Halowin.

'Yan takarar sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar 20 ga Oktoba Trump ya ɗaura gyauton aiki ya soya dankali a wani shagon McDonald's a Fensilbeniya, don ya tsokani Harris da ta ce ta yi aiki a irin shagon tana ɗaliba. Harris ta yi alkawarin hukunta masu tsauwala farashin kayan abinci. Dukansu biyu sun ce za su cire haraji daga tukuicin da ake ba masu hidima a gidajen abinci, wanda a can kusan dole ne, kashi 15 zuwa 20 na kuɗin abin da ka ci. Robert Kennedy ƙarami, da ya janye takararsa a watan Agusta ya bi Trump, ya zo da yaƙi da sinadaran da ake zuba wa abincin kanti, ya ja iyaye mata da yawa. Hajiya kuma nata lissafin daban ne. Tsofaffin da take kula da su da yawa allurar insulin suke yi, kuma dokar da Biden ya sa wa hannu a 2022 ta ƙayyade musu kuɗinta a dala 35 a wata.

"Wannan da idona na gani, Alhaji," ta ce. "Ba a talabijin aka faɗa mini ba."

"Ƙwan ma ai da idona na gani," in ji Kawu.

Musulmi a Karolina ta Arewa sai ya yi hattara, domin abin alfaharin jihar gasasshen naman alade ne, tana kuma cikin jihohi uku da suka fi kiwonsa. Ko dafaffen ganye ka gani a gidan abinci sai ka tambaya, galibi da guntun naman ake ɗanɗana shi. Su Kawu kan haɗa kuɗi su je gona a wajen gari su yanka rago ko akuya da hannunsu, a raba a cika firij. Duk da haka abincin Baƙaƙen fatan kudu bai yi mini baƙunta ba. Ga wake mai baƙin hanci, ga kuɓewa, ga faten tsakin masara da safe, ga dankalin Hausa da jihar ta fi kowace nomawa. Waken da kuɓewar daga Afirka suka ƙetara a zamanin cinikin bayi.

A titin Elm, tsakiyar gari, akwai tsohon kantin Woolworth. Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu Baƙaƙen fata daga kwalejin A&T suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa Turawa, suka nemi a ba su kofi. Aka hana su, suka ƙi tashi. Washegari suka dawo da ƙarin mutane, abin ya bazu zuwa garuruwan kudu, har kantin ya sauko a watan Yulin shekarar. Yanzu gidan tarihi ne, teburin da kujerun suna nan inda suke. Na daɗe a gabansu. 'Yancin da ya ba Kawu da Hajiya damar zama inda suka ga dama su ci abinci, wani yankinsa a kan waɗannan kujeru aka ƙwato shi, kuma shekarun ba su da nisa, akwai masu rai da suka gani.

Na raka Hajiya ta jefa ƙuri'arta tun kafin ranar zaɓe, domin jihar ta buɗe rumfuna daga 17 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba, kuma fiye da mutum miliyan 4 sun yi amfani da damar, har da yankin Asheville da guguwar Helene ta ɗaiɗaita a ƙarshen Satumba. Daga waje na tsaya. Ba soja, ba ɗan sanda, ba mai raba taliya ko atamfa. A can ma ɗan takara ne ke roƙon mai zaɓe kuɗi, wayar Kawu ba ta wuni ba saƙon neman dala 5 ko 10 bai shigo ba, kuma ta irin wannan hanya da ta manyan attajirai kwamitin Harris ya tara fiye da dala biliyan 1. Ban ce kuɗi ba sa aiki a siyasarsu ba. Suna yi ƙwarai, sai dai aljihun gidajen talabijin suke shiga maimakon na mai ƙuri'a. Hajiya ta nuna lasin tuƙinta, ta cike doguwar takarda mai ɗauke da shugaban ƙasa da gwamna da alƙalai har da kwamishinan noma, ta fito da 'yar sitika a mayafinta.

A harabar masallaci bayan Juma'a ne na ji muhawara mai zafi. Wasu sun ce ba za su iya zaɓar Harris ba saboda makaman da gwamnatinsu ke ba Isra'ila ana ruguza Gaza. Wasu suka tuna musu da dokar hana shiga Amurka da Trump ya kafa a 2017, wadda ta taɓa Chadi, aka kuma faɗaɗa ta kan masu neman zama daga Najeriya a 2020, da yadda Trump ya sha cewa zai soke cacar bizar da ta kawo rabinsu. Wani direban babbar mota ya ce shi dai kuɗin mai da na haya yake dubawa. Aka watse ba a daidaita ba, kowa ya ruga ya koma aiki.

Ranar Talata 5 ga Nuwamba ba hutu, ba hana zirga-zirga. Kawu ya biya ta wata makarantar firamare ya yi zaɓe, ya wuce wurin aikinsa. Da dare muka zauna gaban talabijin, wannan karon da murya. Karolina ta Arewa ce ta fara faɗawa hannun Trump cikin jihohin nan 7, da tazarar ƙuri'a wajen 183,000, sauran shidan ma suka bi, ya tashi da wakilai 312, Harris 226. Amma a takarda ɗaya mutanen jihar suka ba ɗan Dimokrat Josh Stein kujerar gwamna da tazara mai faɗi a kan Mark Robinson, ɗan Rifablikan kuma ɗan garin Greensboro. Dubban mutane sun zaɓi Trump a sama, suka sauko ƙasa suka zaɓi Stein, babu wanda ya ce musu sak.

Hajiya ta tashi ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba. Na juya wajen Kawu.

"Kawu, ku wa kuka zaɓa?"

"Ɗana, a gidan nan nake cin tuwo. Bar wannan tambaya."

Da safe motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta zo ta kwashi yara kamar kullum, maƙwabcinsu mai allon Harris ya fito ya tuge abinsa ya kai gareji. Da yamma Harris ta amince da shan kaye a jawabinta a Jami'ar Howard. Ni kuma na kama hanyar komawa Niyok da ƙullin kilishin da Hajiya ta yi a tanda.

A watan Maris na 2025, Trump na da wata biyu a kan mulki, murar tsuntsaye ta kai matsakaicin farashin dozin ɗin ƙwai sama da dala 6, mafi tsada da aka taɓa gani a ƙasar. Na buga wa Kawu waya na tambaye shi wa za a tuhuma yanzu. Ya yi dariya ya ce likita ma ya ce ya rage cin ƙwai, ya miƙa wa Hajiya wayar, ita kuwa ta ce in bar ta da shi.